Manomin da Ya Raba 'Yarsa da Ƙawarta

Akwai wani mutum, manomi ne, yana da 'ya mai suna Tabita. Ƙauyensu ba shi da makaranta, sai dai yara su haye rafi su je firamaren da ke cikin gari. Maƙwabcinsa ma yana da 'ya, sunanta Godiya. Tun suna rarrafe yaran nan suke tare. Tare suke tafiya makaranta, tare suke dawowa. In an ba ɗaya gyaɗa a gida, sai ta ƙulle rabi a bakin ɗankwali ta kai wa ɗayar.

Da suka shiga aji huɗu, sai makarantar ta buɗe aji na musamman domin yara masu saurin ganewa. Aka yi gwaji, aka zaɓi 'yan kaɗan. Aka zaɓi Tabita, ba a zaɓi Godiya ba. 'Yan wannan aji suna da ɗakinsu dabam da littattafansu dabam. In an tashi sauran yara da azahar, su kuma sai su tsaya ƙarin darasi har la'asar.

Manomin ya yi murna ƙwarai. Ya yanka zakara, ranar Lahadi kuma ya tashi a gaban ikilisiya ya yi wa Allah godiya. Ita ma Godiya ta taya ƙawarta murna. Kullum in an tashe su, takan zauna a gindin mangwaro ta jira har Tabita ta fito.

Wata rana manomin ya gan su suna dawowa, suna guje-guje, ƙafafunsu duk taɓo. Ransa bai so ba. Ya kira 'yarsa ya ce mata, "Tabita, Allah ya ɗaukaka ki. Daga yau ki nemi ƙawaye cikin 'yan ajinki. Kada in ƙara ganin kina tafiya da Godiya."

Ta ce, "Baba, me ta yi?"

Ya ce, "Ba ta yi kome ba. Amma za ta ja ki baya."

Matarsa ta ce masa, "Maigida, yaran nan uwa ɗaya ce kawai ba ta haife su ba."

Ya ce, "Ki bar ni in yi wa 'yata gata."

Tabita yarinya ce mai biyayya. Kashegari Godiya ta zo ƙofar gida tana kira, "Tabita, fito mana, za mu makara!" Tabita tana ɗaki tana ji, ba ta amsa ba. Haka aka yi ta yi har Godiya ta gane, ta daina zuwa.

To, 'yan sabon ajin ba miyagun yara ba ne. Sai dai kowannensu an gaya masa a gida cewa shi ne zai zo na ɗaya. Saboda haka in suna rubutu sukan kāre littafinsu da hannu, in ka tambayi ɗaya abu sai ya ce bai sani ba. Dukansu kuma 'yan cikin gari ne, in an tashi kowa ya nufi gidansu, Tabita ta kama hanyar rafi ita kaɗai. Lokacin hutun tara kuwa, in ta matso inda tsofaffin 'yan ajinsu ke wasan carafke, sai wata ta ce, "Ku ba Malama wuri," a kwashe da dariya. Sai ta koma jikin bango ta tsaya. Can ba ta shiga ba, nan kuma an fitar da ita.

Uban yana duban sakamakon jarrabawa yana jin daɗi. Uwar kuwa tana duban kwanon tuwo da ake dawo mata da shi ba a ci rabi ba.

Ana nan, damina ta yi tsakiya. Wata rana manomin yana gona, ko yayyafi ba a yi a wurinsu ba, amma can kan duwatsu hadari ya yi baƙi ƙirin. Wajen la'asar wani mai keke ya wuce ya ɗaga murya ya ce, "Ruwa ya sauko daga duwatsu! Rafi ya cika ya tumbatsa!"

Nan take ya tuna da Tabita. Sauran yara sun haye tun azahar. 'Yarsa ce kaɗai take hayewa a wannan lokaci, shi ne kuwa ya sa ta zama ita kaɗai.

Ya yar da fartanya ya sheƙa gida. Matarsa ta ce ba ta dawo ba. Ya ruga bakin rafi, ga ruwa ja wur yana ambaliya, yana tafe da karan masara da rassan itace, har da mushen akuya. Ya yi ta kiran sunanta, ƙugin ruwa yana haɗiye muryarsa. Ba dama ya haye, sai ya zagaya ta gadar babban titi, hanya mai nisa, yana gudu yana addu'a. Ya ce, "Ya Ubangiji, ko ita ce za ta riƙa zuwa ta ƙarshe a aji, na yarda. Ka dai ba ni ita da rai."

Da ya isa ɗaya hayin, ya bi gaɓa yana dubawa cikin ciyayi, yana tsoron abin da zai gani. Sai ya ji dariya. Ya ɗaga kai, ga wata rumfa a kan tudu inda wata dattijuwa take gasa masara. Ga Tabita zaune, ga Godiya kusa da ita, sun raba masara ɗaya biyu suna ci.

Ya hau tudun ya nufi rumfar.

Da Tabita ta gan shi, sai ta miƙe a tsorace ta ce, "Baba, ba tafiya muka yi tare ba."

Mai masarar ta ce, "Bawan Allah, 'yarka ce? To, ka gode wa Allah, ka gode wa wannan yarinya. Tun azahar take nan. Ta dubi hadarin can, ta ce wa sauran su wuce, ita za ta jira. Da 'yarka ta iso, ruwa ya kai gwiwa yana ƙaruwa, ta tuɓe takalmi za ta shiga. Wannan ta damƙe mata riga. 'Yarka ta ce, 'Sake ni, Baba ya hana ni tafiya da ke.' Ita kuma ta ce, 'To, ai ba tafiya za mu yi ba. Zama za mu yi.' Ta zauna a ƙasa da rigar a hannunta, ta ƙi saki. Suna cikin wannan gardama babban ruwan ya iso. Da idona na gani. Da tana ciki, ko ƙato ne ba zai fita ba."

 Manomin ya dubi Godiya ya ce, "'Yata, me ya sa kika jira ta, alhali ta daina kula ki?"

Godiya ta ce, "Baba, ita kaɗai take hayewa. Kuma tana tsoron ruwa, ba ta dai faɗa ne."

Sai ya share idonsa, ya kama hannun Tabita da dama, na Godiya da hagu, suka bi ta gada. A bakin ƙauye suka tarar da iyayensu mata biyu tsaye wuri ɗaya, sun riƙe juna. Aka yi kuka, aka yi dariya, aka yi addu'ar godiya a tsaye a kan hanya.

Manomin bai cire 'yarsa daga ajin nan ba, ya dai janye dokarsa. Ba a rana ɗaya kome ya gyaru ba, gama waɗansu sun ci gaba da ce mata Malama na ɗan lokaci. Amma yanzu in sun faɗa, akwai wadda take zaune kusa da ita, sai su yi dariyar tare. Karatunta kuma bai ragu ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, baiwa daga Allah take, aboki na gari ma daga Allah yake, ba ya kuwa ba ɗa ɗaya domin ya ƙwace masa ɗayan. Ajin nan ba shi ne laifin ba. Yana da kyau yaro mai saurin ganewa ya sami abincin da ya ishi ƙwaƙwalwarsa. Laifin ya shigo ne sa'ad da uban ya ɗauka cewa gwajin da ya auna lissafi ya auna darajar mutum. Malamai sun raba ɗakin karatu, shi kuwa ya raba zukata.

Ku iyaye, in an zaɓi ɗanku, ku yi murna, amma in ya dawo gida kada tambayarku ta tsaya a kan na nawa ya zo. Ku tambaye shi da wa ya zauna yau, da wa ya ci abinci, wa ya rako shi hanya. Yaro yana iya zuwa na ɗaya alhali kaɗaici yana cinsa, ba kuwa zai faɗa ba.

Ku kuma yara, wanda aka zaɓa a cikinku kada ya ji kunyar abokinsa na dā. Wanda ba a zaɓa ba, kada ya ce Allah ya tsallake shi, kada kuma ya rama da ba'a. Ba a rubuta sunan Godiya cikin haziƙai ba, amma da Ubangiji ya nemi wanda zai aika bakin rafi a ranar nan, ita ya aika. Irin ƙaunar da yake yi mana ke nan. Mukan juya masa baya, mu ƙi amsa kiransa, shi kuwa yana nan yana jira a daidai wurin da za mu hallaka, ya riƙe mu, ya ƙi saki.