Igiyar Gugar Gwaggo Kande

Akwai wani bawan Allah a Karaye mai suna Lurwanu. Makanike ne, amma abin da aka fi saninsa da shi motarsa ce, wata tsohuwar fowil mai dogayen tayoyi, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. Idan mutane suna gudun hanya saboda duwatsu da taɓo, shi ranar yake wanke fuska ya fita. Duk wata ɓarauniyar hanya da ke tsakanin Karaye da Rogo, ta kan tudu da ta cikin kwari, ya san ta kamar tsakar gidansu.

A bayan motar yana da kayan da ba ya wasa da su: shebur, jak, katako biyu masu kauri, da wata baƙar jaka. A cikin jakar akwai bel na jan mota, ruwan ɗorawa, faɗinsa ya kai tafin hannu, da ƙugiyoyinsa na ƙarfe. Idan mota ta kafe, shi ake ɗaurawa wata ta fizgo ta. Lurwanu yana lallaɓa bel ɗin nan fiye da yadda wasunku suke lallaɓa sabuwar waya.

Yana da taubashi, Awaisu, ɗan ƙanwar babansa. Kun dai san taubasai. Tun suna yara ba a raba su, kuma ba a taɓa jin sun yi gaisuwar arziki ba. Lurwanu ne yakan fara:

"Bawana, ka tashi lafiya?"

"Wane ne bawan? Ni da na saye ka da kwanon dusa?"

Awaisu ya fi iya tsokana. Shi ne ya taɓa ɗaure mushen ƙadangare a bayan motar, Lurwanu ya kwana uku yana kwance kujeru yana neman inda wari yake fitowa. Shi ne kuma ya taɓa rubuta "Ana sayarwa, ko da akuya" a jikin gilashin. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne baƙar jakar nan.

"Wai kai, wannan ɗamarar ta wace ce? Ko kakarmu ba ta ɗaura irinta ba."

"Ranar da ka kafe za ka san sunanta," in ji Lurwanu.

Mahaifiyar Awaisu, Gwaggo Kande, tana zaune a wani ƙauye da ake kira Dutsen Kanya, can bayan Tudun Kaya, ita da 'yarta Munawwara. An yi an yi ta dawo cikin gari ta ƙi, ta ce gyaɗarta ba ta san hanyar birni ba. Kafin ka isa ƙauyen sai ka hau tudu mai tsakuwa, ka gangara wani rafi da babu gada, ka sake hawa. Da damina ko babur sai an tura. Motar Lurwanu kaɗai ke shiga kai tsaye, shi ya sa Gwaggo take kiranta "jakin ɗana".

Wata Litinin, ƙarshen damina, su biyun suka je gaishe ta. Ta dama musu fura. Lurwanu ya sha ya tafi masallaci, Awaisu ya ce yana nan tafe. Yana ganin ya ɓace sai ya lallaɓa bayan mota, ya zaro bel ɗin ya naɗe a buhu. Ya ɗauki tsohuwar igiyar guga da ke rataye a katangar gidan, ya naɗa ta tsaf, ya cusa a jakar ya zuge.

Gwaggo ta gan shi yana tura buhu ƙarƙashin gadonta.

"Kai, mene ne wannan kuma?"

"Ajiya ce, Inna. Asabar zan ɗauka."

"Ka ga, ka fitar min da shiriritarka daga ɗaki. Mutum da furfura a gemu, har yanzu wasan ƙasa."

Ya yi dariya ya fice. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ranar Asabar za su dawo da abokai. Idan sun zo rafi zai ce, "Lurwanu, nuna musu bel ɗin nan da kake cika mana kunne da shi." Lurwanu zai buɗe jaka da alfahari, ya zaro igiyar guga. A yi dariya har a faɗi, a ƙarasa gida ya mayar masa da kayansa. Iyakarta ke nan.

Ranar Alhamis da hantsi wayar Lurwanu ta yi ƙara. Munawwara ce, ta hau kan dutsen da ake samun sabis, tana magana tana haki.

"Yaya Lurwanu, maciji ya sari Inna a gonar gyaɗa! Baƙi ne, mai fasa kai. Na kira Yaya Awaisu wayarsa ba ta shiga, ya tafi Rogo."

Lurwanu ya bar injin da yake kwancewa, ko hannu bai wanke ba. Ya leƙa bayan mota, ya ga shebur, ya ga jak, ya ga katako, ya ga baƙar jaka a zuge. Ya rufe ya tayar.

Shiga ba ta ba shi wahala ba. Ya tarar da Gwaggo a kan tabarma, ƙafa ta kumbura, amma tana magana, har da tsiya.

"Ka zo da jakin naka? To a hankali, kada ka ƙarasa abin da macijin ya fara."

Suka kwantar da ita a kujerar baya don su kai ta asibitin Karaye, Munawwara ta tallafe kanta. Sai dai kafin su fito an tafka ruwa a kan tudu. Da suka gangaro rafi, ruwan ya ƙaru, ƙasan ya zama kamar kunu. Lurwanu ya fita ya taka da ƙafa, ya zaɓi inda ya fi tauri, ya saka babbar giyar ja, ya yi bisimilla. Motar ta shiga, ta kai tsakiya, ta wuce. Saura taku biyar ta kama gaɓa sai bayanta ya zauna. Tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, cikinta ya kwanta a kan laka.

Bai firgita ba, don ba yau ya fara kafewa ba. Kuma Allah ya taimaka, a gonar da ke saman gaɓa akwai wani mai tarakta, Sulle, mutumin Kafin Dafga. Ya jiyo kukan injin ya gangaro.

"Malam Lurwanu, kai ne yau a ciki? Kawo bel ɗin nan naka, minti biyar ka fita."

Lurwanu ya zagaya baya, ya zuge jaka, ya cusa hannu. Abin da ya taɓa ba shi da santsin bel. Ya zaro. Igiyar guga ce, ta yi baƙi don tsufa, da wani jan ƙyalle a ɗaure a tsakiya inda ta fara cinyewa.

Ya zazzage jakar a kan laka. Ƙugiyoyi biyu suka faɗo. Babu komai bayansu.

Sulle ya dube shi, ya dubi igiyar. "Wannan ce?"

"Mu gwada," in ji Lurwanu.

Suka ninka ta biyu suka ɗaura. Tarakta ta ja, igiya ta ce tas. Suka ninka huɗu, ta yi gajarta, Sulle ya matso har tayarsa ta fara nutsewa. Ya ja, ta sake tsinkewa. A tarakta babu wurin kwantar da mara lafiya, babur kuwa ba ya hawa wannan tudun bayan ruwa. Sulle ya ce yana da kacar ƙarfe mai kauri a gida, bari ya je ya ɗauko. Tafiyar tarakta kun san ta.

Lurwanu ya kama aiki. Ya haƙa da shebur, laka ta dawo. Ya kafa jak a kan katako, katako ya nutse. Munawwara ta ɗaure zani ta shiga ɗebo duwatsu a gaɓa suna cusawa ƙarƙashin taya. Duk bayan ɗan lokaci sai ya leƙa ta taga.

"Gwaggo, sannu. Yanzu za mu fita."

A leƙawa ta uku ya ga idanunta suna rufewa da kansu, tana ɗaga su da ƙyar. Guntun igiyar yana rataye a kafaɗarsa, bai ma sani ba. Ta ƙura wa jan ƙyallen ido.

"Lurwanu... wannan ai igiyar gugata ce."

Ya yi sauri ya sauke guntun igiyar daga kafaɗarsa.

"Ni na ɗaura ƙyallen nan." Harshenta ya fara nauyi. "Buhun da ya tura... ƙarƙashin gadona. Naka ne ko?"

"Gwaggo, ki huta."

Ta lalubo hannunsa mai laka ta riƙe. Ta juya ido wajen Munawwara da ke can gaɓa, ta ga ba ta ji.

"Wasa yake. Ka san shi. Kada ka faɗa wa kowa, ɗana. Ba zai iya ɗauka ba."

"Ba zan faɗa ba, Gwaggo."

"Kai ma... ka yafe masa."

Sulle ya dawo da kaca bayan azahar. Ja ɗaya aka yi motar ta fito, kamar ba ita ce ta yi awa biyu a ciki ba. Lurwanu ya yi gudun da bai taɓa yi ba a kan tsakuwa. Suna hawa kwalta, har sun fara hango gine-ginen Karaye, ya ji Munawwara ta daina cewa "Inna, Inna", ta koma salati. Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya kifa kansa a kan sitiyari.

Awaisu bai ji labari ba sai da ya fito daga wurin gyaran injin ban-ruwa a Rogo, ya kunna waya. Ya iso ana shirin sallar jana'iza.

Washegari a wurin zaman makoki a gidan Gwaggo a Dutsen Kanya, kun san bakin mutane. Ana ta'aziyya, ana ƙus-ƙus. Wani dattijo daga dangin uban Awaisu bai iya ɓoyewa ba.

"Ajali dai idan ya zo babu makawa. Amma Lurwanu, mota kamar ta yaƙi, kullum kana kan duwatsu, a ce abin jan da ke cikinta igiyar guga ce? Sulle ya ce da da abin kirki, minti biyar kun fita."

Lurwanu ya sunkuyar da kai. "Sakacina ne, Baba. Na fito ban buɗe jakar na duba ba."

Awaisu yana gefensa yana amsa gaisuwa. Hannun da ya miƙa wa wani ya tsaya a iska. Tun jiya ake cewa mota ta kafe, mota ta kafe, ba wanda ya ambaci igiya sai yanzu. Ya juyo ya dubi Lurwanu. Lurwanu bai ɗago ba.

Ya miƙe, ko takalmi bai saka ba, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa. Ya durƙusa ya miƙa hannu ƙarƙashin gado. Buhun yana nan inda ya tura shi. Bel ɗin a naɗe tsaf, ko ɗigon laka babu.

Lurwanu ya biyo shi ya tura ƙyaure.

"Mayar da shi. Ka mayar, mu fita."

"Ta sani?"

Lurwanu ya miƙa hannu zai karɓi buhun.

"Don Allah, Lurwanu. Inna ta sani?"

"Ta gane ƙyallen da ta ɗaura."

Awaisu ya zauna daɓas a ƙasa, ya rungume buhun. "Me ta ce?"

"Ta ce wasa kake. Ta ce kada in faɗa wa kowa. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Kwananta ne ya ƙare, Awaisu. Ko da bel goma ne, ba mu san abin da Allah ya rubuta ba."

"Ka ce sakacinka ne. A gaban mutane."

"Ai gaskiya na faɗa. Ban duba ba."

Awaisu ya yi kuka irin na manya, wanda ba shi da ƙara. Da ya gama ya share fuska da hularsa, ya ɗauki bel ɗin ya nufi ƙofa. Lurwanu ya riƙe masa riga.

"Ta ce kada a faɗa."

"Kai ta ce wa. Ni ba ta ce min ba."

Ya fita ya shimfiɗa bel ɗin a tsakiyar tabarmar maza, ya faɗi komai tun daga furar Litinin. Munawwara ta ji daga cikin gida. Sai da aka yi sadakar arba'in kafin ta iya kallon fuskar yayanta, amma daga baya ta gaishe shi.

Yau shekara uku ke nan. Lurwanu yana nan da motarsa, yana hawan tuddansa, kuma ba ya tayar da ita sai ya buɗe jakar ya taɓa bel da hannunsa. Sau da yawa Awaisu ne a kujerar gefe. Idan suka tarar da wanda ya kafe, shi ne farkon shiga laka.

Amma wasan ya tafi. Lurwanu ya yi ta ƙoƙarin dawo da shi. Ya ɓoye masa takalmi a masallaci, Awaisu ya tafi gida ƙafa ba takalmi bai tambaya ba. Ya zuba masa gishiri a shayi, ya shanye ya ce an gode. Har yau idan suka haɗu da safe Lurwanu yakan ɗaga murya yadda ya saba.

"Bawana, ka tashi lafiya?"

Sai ya tsaya yana jiran a rama.

Awaisu yakan yi ɗan murmushi ya ce, "Lafiya lau, Yaya."

Darasi: Tsokana tana da daɗi, mu ma muna yinta, amma kada hannunka ya kai kan abin da aka ajiye don ranar ceto, ko igiya ce, ko magani, ko man da ke cikin tanki. Kai ka shirya wa Asabar, ba ka san abin da Alhamis za ta zo da shi ba. Masu mota kuma, ku buɗe jaka ku gani da idonku kafin ku kama hanya. Idan kuma Allah ya ba ka ɗan'uwa mai rufa maka asiri irin Lurwanu, ka riƙe shi da kyau. Ku tura wa taubasanku da duk wani sarkin tsokana da kuka sani, ku kuma yi wa iyayenmu da suka rigaye mu addu'a.