Jaririyar da Aka Fitar Kafin Suna

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya haɗa mu da Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, masanin fiƙihu da hadisi, mai tsantseni da yawan shiru, wanda duk Zongon Kwatano ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Wata rana da hantsi muna gabansa ana karatu, sai ya rufe littafi a tsakiyar babi, ya dube ni, da yake sana'ata zemijan ce, wato haya da babur, ya ce: "Nourou, ɗauki babur ɗinka ka je gidan Fataou, a kai jaririyarsa asibiti yanzu." Wallahi babu wanda ya kawo masa labari, shi kansa Fataou, uban jaririyar, yana can kasuwar Dantokpa yana sayar da masararsa.

Na tarar da ɗakin mai jego da zafi kamar gidan burodi, taga a rufe, gawayi na ci, an naɗe jaririya cikin zannuwa har da hular ulu, jikinta zafi rau, ta ƙi nono tun asuba, uwar sai hawaye. Kakar jaririyar, Inna Lubabatu, wadda ta zo wankan jego daga Dogondutsi, ta tare ƙofa.

"Kai yaro, a garinmu ba a fitar da jariri kafin suna!"

"Inna, ki yi haƙuri, Shehi ne ya aiko ni."

Na ɗauki uwar da jaririya a babur, ita kuma Inna ta jawo mayafinta ta tare wani zemijan ta biyo mu.

A asibiti malamar jinya, Chérifa, ta kwance zannuwan nan, ta auna zafin jikin, ta kira likita aka yi allura, ta sa uwar ta tatso nono tana ɗiga wa jaririya kaɗan-kaɗan da cokali. Ta ce mana: "Zazzaɓin sabon haihuwa ba a jiransa a gida. Da kun kai yamma..." Ba ta ƙarasa ba. Muka zauna muna salati har zafin ya fara sauka, sai ga yarinya ta cafke nono da kanta, Inna ta fashe da kuka.

Na komo da sauri in yi wa Shehi albishir, amma kafin in buɗe baki ya ce: "Alhamdu lillahi. Je ka gaya wa Fataou ya nemi rago, za a yi suna."

Allah Ya ja kwanan Shehinmu, Ya sa albarkarsa ta lulluɓe mu da 'ya'yanmu. Amin.