Waziri Gwadabe da Irin Tazargade

A can zamanin da, tun ana gane girman gari da kaurin ganuwarsa, an yi wani Sarki mai son talakawansa, amma fa akwai shi da saurin fushi, in ya yanke magana sai dai Allah. Babban abin da ya dame shi masassara ce. Duk damina sai ta shiga gari ta yi ta ɗibar yara, iyaye mata suna kuka har ƙofar fada.

Ana nan sai wani falke mai suna Illo ya sauka da ayarinsa, ya kawo wa Sarki gaisuwar wani busasshen ganye da ake kira tazargade. Aka dafa, aka ba marasa lafiya, suka miƙe. Da ganyen ya ƙare, Illo ya kawo ƙullin irinsa. Aka kwance, sai ga wani abu laushi kamar ƙura.

To, garin nan suna da al'ada: duk sabon iri, Sarki ke fara shuka shi a gandunsa. Sarkin Noma Makau ya sara rami da sungumi, Sarki ya zuba iri, ya ja ƙasa ya rufe, ya danna da diddige yadda ake yi wa gero, maroƙa suna ta kirari. Barori suka bi sahu har iri ya ƙare. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, amma tazargade ko alamarsa babu.

Makau ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙasa ta gandu ce, shuka kuwa taka ce. Saura me? Baƙon nan ƙura ya ƙulla mana!"

Ran Sarki ya ɓaci ƙwarai, don ya riga ya yi wa jama'a alkawarin magani. Ya ce a kai Illo gidan Yari, in sabon wata ya tsaya a miƙa shi ga Hauni ya sare kansa.

Wazirin Sarkin nan sunansa Gwadabe, kuma ni dai ban taɓa jin labarin mutum mai nutsuwarsa ba. Bai yi musu ba, ya roƙi a ba shi tsumman da aka ƙulla irin kawai. Fadawa suka yi dariya, aka jefa masa. Daga nan ya zarce gidan Yari.

Ya ce wa Illo, "Bawan Allah, yaya ake shuka abin nan a inda ka samo shi?"

Illo ya ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, ni ban taɓa riƙe fartanya ba. Ban ma ga wanda ke shuka shi ba. Uwar ce ke bushewa ta zubar da 'ya'yanta a gindinta, in ruwa ya zo su fito."

"Wa ke rufe su da ƙasa?"

"Ba kowa."

Waziri ya juya maganar a ransa. Ya gane irin nan ya yi ƙanƙanta da a binne shi, haske yake so. Wanda ya fara binne shi kuwa Sarki ne, a gaban jama'a, da kiɗa da kirari. Wa ke da bakin da zai ce Sarki bai iya shuka ba? Amma in ya yi shiru, kan bawan Allah zai faɗi a banza.

Ya koma gida, ya nemo kasko, ya ari rariyar matarsa Tasalla ya tankaɗe ƙasa a ciki. Ya kaɗe tsumman nan a hankali, ya sami ɗan abin da ya maƙale, ya gauraya da rairayi don ya yaɗu. Ya ja layi a tsakiyar kaskon. Gefe guda ya yayyafa ya bar shi a sarari, ɗaya gefen ya rufe da ƙasa ya danna da diddigensa. Ya ajiye a gindin rumbu inda rana ba ta da zafi, ya kifa kwando mai ƙofofi saboda kaji.

Ban ruwa ne babban aiki, don in an tsiyaya da buta irin zai bi ruwa. Sai ya riƙa cika bakinsa yana fesawa. Tasalla ta same shi durƙushe, ta riƙe haɓa.

"Haba, maigida! Waziri guda, kumatu a kumbure kamar mai busa algaita? Ga barori cike da gida!"

Ya haɗiye sauran ruwan ya ce, "Ran mutum ne a cikin kaskon nan, Tasalla. Ba na ba kowa ajiyarsa."

Wata ya yi ta raguwa, kasko shiru. Tsoro ya kama Waziri, abinci ma ya daina shiga. Sai wata safiya ya ɗaga kwando, ya ga gefe guda ya yi kore shar kamar gansakuka, ƙananan ganye bibbiyu. Ɗaya gefen kuwa ƙasa ce tsagwaronta.

Ranar da aka wayi gari da sabon wata, aka fito da Illo a ɗaure, Hauni na tsaye bayansa da takobi. Sai ga Waziri ya shigo fada rungume da kasko, babbar rigarsa duk ƙasa. Ya ajiye gaban Sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamaninka, ƙarar kaina na kawo. Iri ɗaya ne, daga tsumman baƙon nan. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Nan na yayyafa na bari, ya fito. Nan kuwa na rufe, na taka da diddigena, na kashe shi. A hukunta ni."

Sarki ya daɗe yana duban kaskon, sannan ya dubi ƙafarsa.

Makau ya yi caraf ya ce, "Ai diddigen Waziri ba ɗaya yake da na..."

"Rufe mana baki, Makau!" in ji Sarki. Ya juya ga Waziri ya ce, "Gwadabe, ka so ka rufa mini asiri, na gani, na kuma gode. Amma ba zan ɓoye bayanka ba. Ni na taka, ni na kashe, kuma na tashi zubar da jinin mutum a kai."

Nan take ya sa aka yi shela cewa in tsiron nan ya yi iri a raba wa kowane gida, a shuka yadda Waziri ya yi. Sannan ya yi abin da ba a taɓa gani ba a fadar nan. Ya sauko daga karaga, ya ture hannun Hauni, ya kwance igiyar da kansa.

Ya ce, "Malam Illo, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Illo ya fashe da kuka. Sarki bai koma ya zauna ba, ya tsaya yana jira, fada duka ta miƙe tsaye tare da shi, har falken nan ya share fuska ya ce, "Na yafe, duniya da lahira."