Tulun da ke Jiran Kyallu

Tun zamanin da giwa ke kiwo a sararin da yanzu aka shimfiɗa wa kwalta, an yi wani maharbi ana ce masa Cindo, don yatsa shida gare shi a hannun dama. Masu kirari kan ce masa: Cindo na gindin dutse, mai bin sawun damisa a kan falalen dutse, ka ɗana baka dawa ta yi tsit. Kada wani ya ruɗe ka ya ce sarki ne ko jikan sarki. Talaka ne futuk, daga baka sai kwari sai warki.

Yaƙi ne ya koro shi daga arewa. Mahara suka ƙone garinsu, matarsa ta mutu a hanya, ya rage daga shi sai 'yarsa Kyallu, yarinyar da ko famfara ba ta gama ba, ita ma da yatsan nan na shida irin na ubanta. Ya saɓo ta a wuya suka yi ta kudu, har suka iso gindin wani baƙin dutse a tsakiyar ƙasa, inda ko mai saran itace bai taɓa shiga ba. Yunwa ta ci ƙarfin yarinya. Ya zaunar da ita a gindin wata tsamiya, ya ajiye mata goran ruwa, ya ce, "Zauna nan, 'yar baba. Duk abin da ya faru, nan za ki same ni."

Da ya dawo da barewa a kafaɗa, sai ya tarar da gora a kife, ga sawun dawakan masu kamun bayi. Ya bi sawun har bakin kogi, can ruwa ya shanye shi. Mutumin da bai taɓa ɓatar da sawun dabba ba, ran nan ya ɓatar da na 'yarsa. Ya ƙetare, ya yi gabas, ya yi yamma, damina ta wuce shi yana yawo. Daga baya ya tuna abin da ya faɗa mata, ya komo gindin tsamiyar, ya rantse ba zai sake gusawa ba. An ce a nan ya binne bakansa, kuma inda ya binne shi ruwa ya ɓuɓɓugo, mai sanyi, bai taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara. An kuma ce zakin da ke riƙe da dutsen ya sauko ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya kwashe iyalinsa ya bar masa wurin.

Ruwa ya jawo fatake. Ayarin farko na wani madugu ne, Arzika, mai kai kanwa da gishiri kudu ya komo da goro. Cindo ya share musu zango, ya shayar da jakunansu, ya tsare su daga kura. Da za su tashi, madugu ya kwance jaka ya tambayi ladan zango. Cindo ya ce kuɗi ko wuri ɗaya ba ya so. Abu guda yake roƙo: duk kasuwar da suka sauke kaya, su ɗaga murya su ce a Kyallu suka kwana, gindin baƙin dutse, inda tsamiya take.

Madugu ya yi dariya ya ce, "Maharbi, gari sunan jarumi ake sa masa. Wa ya taɓa jin gari da sunan 'yar yarinya?"

Cindo ya ce, "Ita za ta ji."

Ka ga asalin arzikin garin nan ke nan. Zangon da ba a biyan komai, wane bafatake ne zai wuce shi? Maƙera suka zo, marina suka haƙa rijiyoyinsu, mutanen kan duwatsu suka sauko da doya da tukwane. Sunan Kyallu ya shiga kasuwannin da ƙafar Cindo ba ta taɓa takawa ba. Shi kuwa kowace safiya sai ya wanke tulu, ya cika shi da ruwan nan, ya ajiye a gindin tsamiya. Ya hana a yi wa ƙofar garin ta wannan gefe ƙyaure. Duk baƙuwar da ta shigo, ba a ce mata sannu da zuwa, sai dai sannu da dawowa, a miƙa mata ruwa, a saci kallon hannunta. Har ya tsufa, ido ya mutu, yana shafa hannuwan baƙi. Wasiyyarsa ba ta da tsawo: kada a sauya sunan, kada a matsar da tulun. Bayansa aikin tulu ya koma hannun mata, wadda ke riƙe da shi ana ce mata Uwar Tulu.

Zamani ya juya. Masu mulkin ƙasar suka gaji da tsohon babban birninsu na bakin teku, ya cushe, ya kuma yi wa rabin jama'a nisa. Suka zaɓi fili a tsakiyar ƙasa, can bayan baƙin dutsen, za su gina sabo. Suna neman sunan da kowane yanki ya sani, ba kuma na gidan sarautar kowa ba. To wane suna ya kai na Kyallu yawo? Sai ga manyan baƙi a motoci, suka sauka a fadar sarkin garin, Nomau, da alkawarin hanya da lantarki da sabuwar kasuwa in an ba su sunan. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Uwar Tulu ta lokacin, Iya Kumatu, ba a gayyace ta ba, ta zo. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, sunan nan ba namu ba ne da za mu bayar. Na yarinya ne, kiranta ake yi da shi."

Sarki ya ce, "Haba Iya. Yarinyar da ƙasa ta daɗe da cinyewa?"

Ta ce in ta mutu ai ta haihu, 'ya'yanta sun haihu. Ɗaya daga cikin baƙin, mutum mai ladabi, ya ce Iya ta kwantar da hankalinta, yanzu sunan zai shiga rediyo, ya kai inda jaki bai taɓa kai shi ba.

Iya Kumatu ta ce, "Zai kai, ɗana. Amma in ta ji, ina zai kawo ta?"

Aka ba da suna. Tsohon gari aka lanƙaya masa Zango kawai, kamar rumfar kan hanya. Babbar hanyar da aka yi alkawari ta zagaye shi ta bayan dutse. Rijiyoyin marina suka cike da shara. Garin da ya ciyar da fatake ya koma mai sayar wa sabon birni yashi da tsakuwa da itacen girki, samarinsa kuma su tafi lebura da safe su dawo da yamma fari fat da siminti.

Bayan wasu shekaru, wani direba ɗan Zango, Shekarau, yana lodi a babbar tashar sabon birnin yana kiran fasinjan Zango, sai wata dattijuwa ta tsaya gabansa da ƙunshin kaya. Hausarta ta mutanen can ƙetaren iyaka ce. Ta ce tun kakannin kakanninta ake gaya musu asalinsu Kyallu ne, akwai tsamiya da ruwa ana jiransu, a rediyo ta ji sunan ta sayar da awakinta ta taho. Tun safe ake ta nuna mata titi. Shekarau na sauri, mota saura mutum biyu, ga masu tura kaya na masa ihu. Ya amsa mata yadda kowa ke amsawa yanzu: "Ai nan ne Kyallu, Hajiya."

Ta ɗaga kai ta dubi benayen nan, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, "Ashe ba su jira ba."

Sai da ya cika motarsa ya ɗauki hanya maganar tsamiya ta faɗo masa. Ya juyo da mota da fasinja suna zaginsa. Ya iske wata babbar mota tana fita ƙofar tasha, dattijuwar a jikin taga, hannunta na dama riƙe da ƙarfe, yatsa shida. Ya bi da gudu yana kira, ƙarar tasha ta haɗiye muryarsa. Babu wanda ya san sunanta, babu wanda ya san garin da ta sauka.

Da ya gaya wa Iya Kumatu, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ya roƙe ta su kai tulun tasha, tunda can sunan ya koma. Ta ce a'a, nan uban ya ce za ta same shi.

In ka je Zango yau, za ka ga tsamiyar, rabinta ya bushe, da tulu cike a gindinta, jikar Iya Kumatu ke wanke shi kowace safiya. Ƙofar nan har yanzu ba ƙyaure. Direbobin garin kuwa, in suna lodi a babban birni, kafin su dubi fuskar mace sai sun dubi hannunta. Sunan yana can a kan alluna da bakin masu labarai, dare da rana ana kiran Kyallu, ana kiran ta zuwa inda ba wanda zai ce mata sannu da dawowa.