Almakashin Bayan Labule

Akwai wata mai shagon ɗinki da kowa ke kira Mama Tela. Mace ce mai kirki, sai dai tana da wata doka: bahago ba ya taɓa mata almakashi.

"Hannun hagu ba ya yanka daidai," in ji ta.

Abin mamaki, idan mai hannun dama ta ɓata yadi, sai Mama ta ce yadin ne mai santsi. Idan bahaguwa ce, ko zare ne ya tsinke, sai ta tafa hannu: "Ai na faɗa!"

Babbar hujjarta ita ce autarta. Tana ƙarama an ga tana miƙa hagu, Mama ta yi ta buge hannun har ta daina. Yau duk shagon babu mai yanka kamar Auta.

Wata safiya wata budurwa ta zo neman aiki. Ɗinkin da ta kawo ya yi kyau, amma da ta ɗauki alli da hagu, Mama ta ce, "Yi haƙuri 'yata, babu gurbi."

Auta ta kwashi yadin wata amarya ta shige ɗakin ciki, ta ja labule kamar kullum.

Ranar ce Mama ta fara tambayar kanta: wai me ya sa yarinyar nan ba ta yanka a gaban mutane? Wani sirrin gwaninta take ɓoyewa? Ta lallaɓa ta ɗaga labulen.

Ga Auta ta duƙufa, almakashi na tafiya sumul a hannunta na hagu.

"Auta! Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara, Mama. Duk rigar da kika ɗaga kina nuna wa mutane, wannan hannun ne ya yanka ta."

Mama ta buɗe baki za ta ce ai ita daban ce, sai kunya ta kama ta.

Auta ta share hawaye. "Duk wadda kika sallama, ji nake ni kika kora."

Mama ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta fita titi tana tambayar masu shaguna ina budurwar nan ta bi.

Darasi: Idan mun riga mun yanke wa mutane hukunci, hujjar da ta yi mana daɗi kawai muke gani. Binciki dalilinka kafin ka rufe wa wani ƙofa, wataƙila naka na cikin waɗanda kake korewa. Tura wa wani ya karanta.