Kunun Gyaɗa da Sandunan Uba

Akwai wani manomi a Dangamaji, sunansa Junaidu. Wannan tun muna Jihar Sakkwato ne, ba a yanke Kebbi ba.

Matarsa Rahinatu ta haifi ɗan fari, namiji, aka sa masa Kalilu. Bayan suna, iyayenta suka tafi da ita Gumbin Kure wankan gida, kamar yadda aka saba.

Junaidu ba mai hali ba ne, amma gyaɗa ta yi masa kyau a shekarar. Duk mako sai ya ɗaura ƙulli a bayan keke ya kai, ya ce a dama wa mai jego kunu don nono ya zo.

Sati uku da haihuwa, jikin yaron ya ɓaci. Ƙuraje suka feso masa a fuska da wuya, fata ta yi ja tana tsagewa, ga amai, ga kuka. An shafa man kaɗanya, an yi tofi. Ba sauƙi.

Junaidu ya je ya gan shi, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Yayansa Uba ya same shi a zaure. Shi Uba, shekara biyu suna jayayya da mahaifin Rahinatu a kan wata fadamar albasa a wajen Aliero, kuma alƙali bai ba shi gaskiya ba.

Uba ya ce, "Ɗanmu na can suna kashe muna shi. Jinjiri ba ya da baki, hakkinai na wuyanmu. Mu tahi mu ɗauko shi, wanda duk yat tare mu, shi ya so."

"Yaya, surukaina ne fa."

"Surukanka sun hi ɗanka?"

Junaidu ya biye masa. Ciwon ɗa ba ya barin mutum ya yi tunani. Kwana goma bai leƙa Gumbin Kure ba don fushi, shi kuwa Uba yana bi gida-gida yana ba da labarin fuskar jinjiri. Bai taɓa ambaton fadama ba. Ya tara mutum goma sha biyu, aka sa Asabar za a tafi.

Ranar Juma'a zuciyar Junaidu ta ƙi kwanciya. Ya ɗaura gyaɗa ya hau keke.

Surukarsa Kulsum ta miƙo masa yaron. Ƙurajen sun bushe, yana barci. Junaidu ya daɗe yana kallonsa.

"Inna, wane magani kunka samu?"

"Babu, ɗana. Ikon Allah dai. Kawo gyaɗar in jiƙa, tamu ta ƙare tun kwana takwas."

Sai aka ji kuka daga cikin ɗaki. Rahinatu ce, daga bayan asabari.

"Inna, don Allah kada ki dama. Duk ranar da na sha, kafin la'asar jikinai ya tashi. Na gani tun farko."

Kulsum ta riƙe baki. "Ke! Mi ya hana ki hwaɗi?"

Kowa ya san dalili. Ɗan fari ne. A gaban iyayenta ko kallonsa ba ta yi, balle ta nuna ta damu da shi. Ga shi kuma abin hannun miji ne, da wane baki za ta ce ba ta so? Kunya ta riƙe ta, yaron yana shan wuya.

A ranar suka kai shi wani ƙaramin asibiti a Maiyama. Ma'aikaciyar ta duba shi, ta ce akan samu jinjirin da jikinsa ba ya karɓar wani abinci, kuma abin da uwa ta ci yana iya bin nono ya isa gare shi. Ta ba da man shafawa, ta ce a bar gyaɗa, a dawo bayan sati biyu.

Asabar da hantsi mutane suka taru a ƙofar Uba da sanduna. Junaidu ya zo ya tsaya a gabansu, ya faɗi abin da ya gani, bai rage ba.

Ya ce, "In wanda yac cuci yaron kuka nema, ga ni. Ni na kai da hannuna. Ku fara da ni."

Ba wanda ya motsa. Uba ya buga sanda a ƙasa.

"To, ko ba yaron ba, fadamar fa? Haka nan za mu bar musu?"

Wani dattijo, Maiwada, ya dube shi sama da ƙasa. "Ashe albasa munka tashi ceto." Ya saɓa sandarsa ya nufi gona. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Kalilu ya warke. Ranar arba'in Junaidu ya je da kansa ya ɗauko su, surukinsa ya raka su har bakin hanya.

Darasi: Duk wanda ya kira ka faɗa da sunan hakkin mai rauni, fara zuwa ka duba mai raunin da idonka. Kuma uwa, in kin ga abin da kika ci yana taɓa jinjirinki, faɗi, a kai shi asibiti, rai ya fi kunya. Ku tura wa wasu su karanta.