Bakanike da Ɗigon Farin Fenti

Akwai wani tsohon bakanike wanda ya shekara ashirin da biyar yana gyaran mota. Gwani ne, ba a musu. Da jin kukan inji yakan faɗi ciwonsa tun kafin a buɗe. Amma ba ya son tambaya. In mai mota ya ce a nuna masa abin da aka canza, sai ya ɓata rai, ya ce ai likita ba ya nuna wa majinyaci hanjinsa.

Sai wani bakaniken ya kafa rumfa a gefensa, da wata sabuwar al'ada. Kafin ya kwance ko noti ɗaya, sai ya ɗauki hoto da bidiyo na wurin da ya lalace, ya aika wa mai motar ta waya da bayani, ya jira. Sai an ce masa an yarda yake sa hannu. Duk sabon ƙarfen da ya ɗaura kuma yakan ɗiga masa farin fenti, ya sake aika hoto. Kafin shekara ta zagayo, motoci sun cika gabansa, har wasu suna tare wa tsohon ƙofa.

Abin ya tsaya wa tsohon a rai. In maƙwabcin ya gaishe shi, da ƙyar yake amsawa. Ya riƙa ce wa mutane wannan ai mai ɗaukar hoto ne, ba bakanike ba. Kishi ya cinye shi, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Mutum ɗaya ce ta rage masa, wata gwauruwa da ake kira Maman Tabita, mai tsohuwar motar ɗaukar doya. Tun mijinta yana da rai a wurinsa suke gyara. Wata rana ta kawo motar, ta ambata cewa a makon da ya yi tafiya birki ya ba ta tsoro, maƙwabcinsa ya gyara mata. Ta bar makulli ta wuce kasuwa.

Zuciyarsa ta tafasa. Wato har ita ma? Ya cire taya, ya yi ta neman aibu a aikin maƙwabcin, bai samu ba. Sai ya je tarin tarkace ya tsinto wani ƙarfen birki da ya cinye, ya ajiye a gindin tayar, ya ɗauki hoto, karo na farko a rayuwarsa. Ya aika mata da saƙo cewa ga abin da aka ɗaura mata, Allah ne kaɗai ya tsare ta, yana neman ta yarda ya canza.

Ba ta amsa ta waya ba, da kanta ta dawo. Ta duba ƙarfen, ta juya shi gaba da baya.

Ta ce, “Baba, ina ɗigon farin fenti?”

Ta leƙa ƙarƙashin motar, ga ƙarfen da maƙwabcin ya ɗaura yana nan daram da ɗigonsa. Sai ta buɗe wayarta ta kunna masa bidiyon wancan makon. Ya ga wani noti da shi da kansa ya manta bai ɗaure ba a gyaran baya. Sa'an nan ya ji muryar maƙwabcin yana cewa, “Mama, kada ki ga laifin Baba, kowa yana mantuwa. Hannunsa ne ya kawo motar nan har yau. In ya dawo, ki koma wurinsa.”

Ta miƙa hannu, tsohon ya ba ta makullin.

Ta ce, “Shi ya dawo maka da ni, kai kuma ka kai ni wurinsa.”

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Bidiyon nan shi ne sanin Ubangiji, wanda yake ganin kowane notin da muka bari a kwance, ko da mun rufe shi da taya. Tsohon ƙarfen daga tarkace kuwa shi ne maganar da muke tsintowa mu ɗora wa ɗan'uwa, don kawai Allah ya sa wa aikinsa albarka. Ku lura, ba maƙwabcin ne ya raba tsohon da gwauruwar ba, kishinsa ne. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, gaskiya suka faɗa.

Wataƙila akwai wanda kike jin haushinsa a ƙungiyar mawaƙa, ko wanda shagonsa ya fi naka cika. Kafin ka je tarin tarkace, ka tsaya ka yi tunani. Mai yiwuwa wanda kake shirin ɓatawa shi ne yake rufa maka asiri a bayan idonka.